Tsakanin Fatawa da Doka: Zubar da Ciki, Ƴancin Addini da Batun Auren Jinsi



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamaina da ke zaune nan gaba, Allah ya gafarta muku, ina neman izininku. Shugabannin ƙungiya maza da mata, Allah ya saka da alheri. Ƙannena da ƴaƴana da kuka taho daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da sauran garuruwa, sannunku da hanya.

Maudu'in da aka ɗora mini ba irin wanda ake so a taɓa gaban manya ba ne. Tun da aka karanta shi na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku ɗago. Abin da muka ji kunyar faɗa a masallaci, ana nan ana faɗar sa a fada wajen shan shayi, ana turo shi cikin waya da tsakar dare, kuma masu turowar ba su neman izinin kowa.

Yawancinku kun san hukuncin addini a kan waɗannan abubuwa, ko dai kun san kanunsa. Inda na ga gibi shi ne sanin yadda hukunci ke zama doka, da abin da ke kan Musulmi idan doka ba ta zo daidai da abin da ya yi imani da shi ba. Wanda bai san wannan ba, fushinsa ne ke tuƙa shi, kuma mun ga inda fushi ya taɓa kai mu a ƙasar nan. Za mu zo wurin.

Zan ɗan bi da ku ta Amurka. Dalili biyu ne. Yawancin bidiyoyin da ake turo muku kan waɗannan batutuwa daga can suke fitowa. Sannan a can Musulmi ne ƴan tsiraru, mu kuwa da muka tashi a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ba mu san ɗanɗanon wannan zama ba.

A 1791 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na farko, ya ɗaure hannun gwamnati ta fuska biyu: ba ta da ikon kafa addinin hukuma, ba ta kuma da ikon hana mutum yin addininsa. To, wa wannan ƙa'ida ta amfana? A 2006 aka zaɓi Keith Ellison, Musulmi na farko da ya shiga majalisar dokokin tarayyarsu. Da ya ce da Alƙur'ani zai yi bikin rantsuwa, wasu suka ta da jijiyar wuya, amma ba wanda ya iya hana shi. A Janairun 2007 ya ɗora hannu a kan fassarar Alƙur'ani da ta taɓa zama mallakin Thomas Jefferson, shugaban ƙasarsu na uku. Wani fursuna Musulmi a jihar Arkansas ya kai hukumar gidan kaso ƙara don an hana shi tsayar da gemu, a 2015 alƙalan kotun ƙoli tara duka suka ba shi gaskiya. Fursuna fa, ba attajiri ba! A shekarar nan dai wata budurwa, Samantha Elauf, ta kayar da babban kamfanin tufafi na Abercrombie da ya ƙi ɗaukar ta aiki saboda ɗankwalinta.

Yanzu ku dubi Faransa. Ita ma ta raba coci da hukuma tun 1905, amma a 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi da sauran alamun addini na fili a lakwal ɗin gwamnati, a 2023 ta ƙara da abaya. Ƙasa biyu, kowace na cewa ta raba addini da hukuma, a ɗaya ƙa'idar ta kare ɗankwali, a ɗaya ta tuɓe shi. Shi ya sa idan aka ce muku "raba addini da hukuma", kafin ku ce kun yarda ko kun ƙi, ku tambaya: wace iri? Wa ya rubuta ta, me ta hana, me ta bari?

Iyayenmu sun yi wannan tambaya. Bayan taron ƙasa na 1991, ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi amincewa da kalmar layisite da muka gada daga Faransa, kundin 1992 ya kauce mata. Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya yi maganar raba hukuma da addini, ya hana kafa jam'iyya a kan addini, amma kuma shi ne ya ce shugaban ƙasa ya rantse da littafi mai tsarki na addininsa. An jingine wannan kundi bayan 26 ga Yuli 2023. Tambayar dai tana nan, duk wani kundi da za a rubuta nan gaba sai ya amsa ta, kuma ku ne za ku rayu a ƙarƙashin amsar.

Mu zo kan zubar da ciki, a nan zan fi daɗewa.

A Janairun 1973, cikin shari'ar da ake kira Roe da Wade, kotun ƙolin Amurka ta ce mace na da haƙƙin zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Waɗanda ba su yarda ba, akasarinsu Kiristoci, suka shiga aiki. Wasu ƴan kaɗan daga cikinsu sun ɗauki bindiga da wuta, sun kashe likitoci, abin da suka samu shi ne kurkuku da ɓata wa tafiyarsu suna. Sauran suka tura ƴaƴansu karatun shari'a, suka shiga zaɓe jiha bayan jiha, suka yi ta jira har aka naɗa alƙalan da ke da irin fahimtarsu. Sai ranar 24 ga Yuni 2022 kotun ta soke wancan hukunci. Shekara 49 ke nan. Wanda ya fara yana saurayi ya ga ƙarshen abin da furfura, wasu ma ba su gani ba.

Kuma ku lura, don bidiyoyin ba su faɗi wannan: kotun ba ta haramta zubar da ciki ba. Mayar da maganar ta yi ga jihohi 50, kowace ta yi tata dokar. Texas ta hana kusan gaba ɗaya, California ta bari. A Kansas a 2022, da Ohio a 2023, aka kai maganar gaban jama'a, masu son a bari suka yi rinjaye. Faransa kuwa a Maris 2024 sai ta shigar da ƴancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulkinta. Nan kusa da mu, Benin ta faɗaɗa tata dokar a 2021 zuwa mako 12. Ko cikin ƙasashen Musulmi ba baki ɗaya ba ne: Tunisiya ta halatta shi cikin wata uku na farko tun 1973, Turkiyya har mako 10 tun 1983.

Me fiƙihu ya ce? Malamai na nan, su gyara mini. Bayan an busa rai, wato bayan kwana 120, duk mazhabobi sun haɗu a kan haramci, sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Kafin nan akwai saɓani. Hanafawa da yawa sun yi sassauci idan akwai uzuri. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani, mashhurin zance a cikinta shi ne hani tun daga lokacin da ciki ya zauna, ko da bai kai kwana 40 ba, kamar yadda Shehu Dardiri ya tabbatar, ko da yake Lakhmi ya sassauta kafin kwana 40. Wanda ya yi sanadin ɓarin cikin mace akwai diyya a kansa, ana kiranta gurra, ushirin diyyar uwa. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ba da fatawar cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar ɗan tayi na da mummunar nakasa da ba ta warkewa, ana iya cire shi kafin kwana 120 in iyaye sun nema.

Ita kuma dokar Nijar? Dokar hukunta laifuka ta ɗauki zubar da ciki laifi. Amma dokar lafiyar haihuwa ta Yunin 2006 ta buɗe ƙofa biyu, bisa shawarar rukunin likitoci: idan ci gaba da cikin na barazana ga rai da lafiyar uwa, ko idan abin da ke cikin na ɗauke da ciwo mai tsananin muni. Wannan doka tana gab da abin da malamai suka faɗa, amma na tabbata in na ce wanda ya taɓa jin labarinta ya ɗaga hannu, ba za mu cika sahu ɗaya ba.

Rashin sanin nan yana da tsada. Gobe ɗayanku zai tsaya a gidan haihuwa, likita ya ce masa cikin matarsa ya zauna a wajen mahaifa, in ba a yi aiki yanzu ba jini zai ƙare mata. Ko a ce ta yi ɓari, sai an yi mata wankin ciki. Idan abin da ke kansa kawai shi ne "zubar da ciki haramun ne", zai tsaya gardama, zai ce a jira ya yi shawara da gida, mace na kwance tana zubar da jini. Alhali a wannan hali shari'a da doka da likita duka abu ɗaya suke cewa: a ceci uwa. Ku tambayi ƴan'uwanmu ungozomomi da ke cikin wannan zaure abin da suke gani.

Ɗaya fuskar kuma, samari, taku ce. Yarinyar da ta sha ƙwayoyi a ɓoye ko ta je wurin mai sassaƙe, ba ita kaɗai ta yi cikin ba. Akwai wanda ya miƙa mata jika biyar ya ce ta san yadda za ta yi, ya kashe wayarsa. Akwai uban da ya rantse in ya ji labari sai ta bar masa gida. Akwai mu da za mu bi yaron da sunan ɗan gaba da Fatiha har ya tsufa, alhali bai aikata komai ba. In da gaske muke muna son a bar ɗan tayi ya rayu, sai mu duba irin duniyar da muka tanadar masa da uwarsa. Doka na iya hukunta wanda ya zubar, amma tsoron da ya kai yarinya can, mu ne muka gina shi.

Sai batu na uku. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci a fili yake, haramun ne, aure kuma tsakanin namiji da mace yake. Ban zo in tausasa wannan ba, ba ni da ikon haka. Gaskiya ne kuma akwai matsin lamba daga waje: da Uganda ta kafa dokarta a 2023, Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon bashi. Ba mafarki mutane ke yi ba idan suna maganar matsi.

Abin da nake so mu duba shi ne yadda masu imani suka yi a inda doka ta juya musu baya. Ranar 26 ga Yuni 2015 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta halatta auren jinsi a duk ƙasar. A jihar Kentucky akwai wata ma'aikaciya Kirista, Kim Davis, wadda aikinta ne ba da takardar aure. Ta ce imaninta bai bar ta ta sa hannu ba, sai ta daina ba kowa takarda, har da maza da mata masu auren da ita kanta ta yarda da shi. Alƙali ya tsare ta ƴan kwanaki. Daga baya jihar ta cire sunan ma'aikaci daga takardar, rikicin ya lafa. Ku da za ku zama alƙalai, likitoci, ko ma'aikata a ofishin magajin gari, wannan labari naku ne. A ganina ma'aikaci na da haƙƙin ya nemi a ɗauke masa aikin da ya saɓa wa imaninsa, yana da haƙƙin ya ajiye aikin in abin ya gagara. Amma ofis ba gidansa ba ne da zai kulle ƙofa ya sa makulli aljihu.

Wasu iyaye a gundumar Montgomery ta jihar Maryland sun bi wata hanyar. An shigo da littattafan labarai masu batun auren jinsi da sauya jinsi cikin azuzuwan ƙananan yara. Da farko ana sanar da iyaye, wanda ba ya so ya janye ɗansa daga darasin. A 2023 hukumar ilimi ta soke wannan dama. Iyaye Musulmi suka haɗa kai da Kiristoci ƴan Katolika da ƴan Otodoks, suka shigar da ƙara. Sun faɗi a kotun farko, sun faɗi a ta ɗaukaka ƙara, suka ci gaba. Ranar 27 ga Yuni 2025 kotun ƙoli, 6 a kan 3, ta ba su gaskiya. Sunan Musulmi ne a kan shari'ar, Mahmoud. Ba su nemi a kori kowa ba, sun nemi a bar musu tarbiyyar ƴaƴansu, da hujjar nan ta 1791.

Akwai kuma wani ƙaramin gari kusa da Detroit, Hamtramck, cike da ƴan asalin Yaman da Bangaladash. A 2004, lokacin Musulmi ba su da rinjaye a majalisar garin, aka ba su izinin kiran salla da lasifika. Kwanci tashi majalisar ta zama duka Musulmi, har magajin gari. A Yunin 2023 suka hana ɗaga tutar masu auren jinsi, da ta kowace ƙungiya ta addini ko siyasa, a kan kadarorin hukuma. Wasu da suka tsaya musu a baya sun ji zafi, sun ce an ci amanarsu. Ko me mutum zai ce, ƴan majalisar sun tsaya a iyakar sandar tutar gwamnati, ba su shiga gidan kowa ba, ba su taɓa jikin kowa ba. Na kawo wannan gari ne saboda a nan ɗan tsiraru ya wayi gari da rinjaye, aka zuba ido a ga me zai yi da shi. Mu a Nijar a cikin wannan jarrabawa aka haife mu.

Kuma mun taɓa cin ta, mun taɓa faɗuwa. A Yulin 2003 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda sashenta na 14 ya buɗe ƙofar zubar da ciki a wasu halaye, har da fyaɗe, ga kuma sassan da suka taɓa aure da gado. Ƙungiyoyin Musulunci, da matansu a sahun gaba, suka yi wa'azi, suka yi magana a rediyo, suka bi depitoci. A Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita. Akwai ƴan ƙasa, Musulmi irinmu, da har gobe suke ganin an yi wa mata asara a wannan ƙuri'a, suna da hujjojinsu, ya kamata ku saurare su. Amma an yi gardama, an kaɗa ƙuri'a, kowa ya koma gida da ransa.

Sai Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari a Yamai. Wata jarida a Faransa ta yi ɓatanci ga fiyayyen halitta, zukata suka ƙuna, kuma sun cancanci ƙuna. Amma a kan wa aka huce? Mutum 10 suka rasu, majami'u fiye da 40 suka ƙone. Wanda ya zana hoton yana Paris, bai ji ko ƙaurin hayaƙin ba. Wanda ya ji shi ne maƙwabcinmu da muke haɗuwa a famfo, wanda ke zuwa mana barka ranar suna. Asibitin Galmi a jihar Tawa Kiristoci ne suka kafa shi tun 1950, iyayenmu nawa aka yi wa aiki a can ba a tambaye su addininsu ba? Ba zai yiwu mu ji daɗin an bar fursuna a Arkansas ya tsayar da gemu, sannan mu hana Kirista a Maraɗi kwana da ido biyu rufe ba. Allah ya saka wa Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu a waɗannan ranaku.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi kusa da ku. Yanzu wutar ba a titi kaɗai take ba, tana cikin WhatsApp da Facebook. A ɗauki hoton yaro a rubuta ɗan luwaɗi ne, saboda tafiyarsa, ko muryarsa, ko don an yi faɗa da shi a kan budurwa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Ƙannena, wannan a fiƙihu sunansa ƙazafi. Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi mutum da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa, a Malikiyya jifa da luwaɗi na cikin wannan hukunci. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Ko laifi ya tabbata, hukunci aikin alƙali ne, ba na ƴan unguwa da sanduna ba. Wanda ya tura saƙon gaba yana ganin jihadi yake yi, alhali shi ne shari'a ta fara nema. Wanda kuma ya zo maka a asirce da abin da ke damun zuciyarsa yana neman mafita, amana ce ya ba ka. In ka tona shi, ka rufe ƙofar da zai bi ya zo wurin malam, shi da duk masu irin halinsa da ke kallo.

Ga roƙona ga shugabanni. Kowane reshe ya samo dokar lafiyar haihuwa ta 2006 da babin ƙazafi na Risala, a zauna a karanta su tare, a gayyato malami ɗaya, ungozoma ɗaya da masanin doka ɗaya. Zaman mata daban in sun fi sakewa a haka. Cikin ɗalibanmu masu shirin shiga jami'a kuma, a ƙarfafa wa wasu gwiwa su karanci shari'a, har da ƴan mata, don ranar da za a zauna rubuta doka a samu namu da ya san fiƙihu ya kuma san yadda ake tsara sashe da sakin layi.

An ce mini za a zagaya da takardu. Wanda ke da tambayar da yake jin nauyin yi da baki ya rubuta, kada ya sa suna, ni da malamai za mu amsa abin da ya sawwaƙa bayan salla.

Allah ya sa albarka cikin wannan ƙungiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.